Savane Ta Koma Wajen Bareyi

Ulyana Taibarei ce kaɗai 'yar ƙabilarmu ta Nenets, masu kiwon bareyin ƙasar ƙanƙara, da ke koyar da ilimin halittu a wata jami'a a birnin Arkhangelsk, can arewacin Rasha. Da ƙafarta ta bi rugagen makiyaya tana lallashin iyaye su bar 'ya'yansu su zo karatu, har ta samo ɗaliba guda, Savane.

Wata Alhamis Savane ta shigo ɗakin gwaji da jaka a kafaɗa, ta sami malamar tata, wadda take kira Inna.

"Inna, gida zan koma. Ƙanƙara ta rufe ciyawa, bareyinmu sai mutuwa suke yi, ga Baba shi kaɗai."

"Ke da kika ce sai kin ƙwace min kujera?"

Savane ta yi dariya, sai kuma hawaye.

Ulyana ba ta roƙe ta ta zauna ba. Kwalaben gwaji ta zuba mata a jaka.

"Ki riƙa ɗebo min ciyawar da suke tonowa. Shi ne aikinki na bana. Hukumar jami'a kuwa, bar ni da su."

Hukumar ta amince da ƙyar. Ulyana ta raka yarinyar har bakin jirgi, ta dawo ta dafa shayi, ta yanka daskararren kifi, ta ci a tsaye bakin taga. Har ƙanƙara ta narke ba ta sake samun wanda za ta yi yarenmu da shi ba.