Motar da Aka Tura Cikin Giya

Direban bas ɗin 'yan makaranta ya kwance tsohon bel ɗin tayimin, mai daidaita juyin injin, tun da safe, a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Ya shafa farin fenti a haƙoran injin don kada saiti ya ɓace, ya bar motar cikin giya don kada komai ya motsa. Shugabar makaranta ta riga ta ja masa kunne: in ya sake fashi ranar Litinin, wani za ta ba aikin.

Sai ga sabon bel ɗin bai yi daidai ba. Ya koma shago yana ƙunƙuni, aka canza masa.

Da ya dawo, bas tana can jikin katanga a rana. A inuwar kuwa yayansa ne ya baje tabarma da abokan hirarsa, ana ta shewa.

"Yaya, wa ya taɓa motar nan?"

"Mu ne. Kai, motarka da taurin kai take! Turjewa ta yi ta yi, sai da muka taru muka danna ta da ƙarfi."

Ransa ya yi mummunan ɓaci. Tura mota cikin giya ba bel, ai fistin ne zai daki bawul a cikin injin ya lanƙwasa shi, injin ya lalace. Ga ƙatti da gemunsu, mota na ce musu a'a, su kuwa suka ɗauka gardama ce!

"Ba ku ga injin a buɗe ba? Ba ku ga sifana a ƙasa ba?"

"To mene ne na ɗaga murya? In wurin kake so, a mayar maka da ita baya."

"Kar wanda ya sake taɓa ta!"

Bai taɓa yi wa yayansa tsawa ba, mutumin da ya riƙe shi tun rasuwar babansu. 

Ya daidaita fentin, ya ɗaura bel, gumi na zuba a idonsa. Ya murza makulli. Injin ya juya fayau kamar keken ɗinki, bai tashi ba. Ya sake. Haka dai. Bawul ya riga ya lanƙwashe.

Yayan ya matso a sanyaye. "Ƙanena, mu tura maka ko za ta kama?"

Ko kallonsa bai yi ba. Ya goge hannu a wando ya kira shugabar, ya fara bayani.

"Ba komai, direba," ta katse shi. "Dama akwai wanda ke jira."