Abin da Orval Ya Bari a Ƙarƙashin Gado

Allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa tun ba su ci rabin tudun ba. Darlene Hudspeth tana ganinta ta wutsiyar ido, amma ta ƙi kallonta kai tsaye, irin yadda ake yi wa maƙwabciyar da aka yi faɗa da ita.

"Ta kusa taɓa ja," in ji Nadine daga kujerar gefe. Nadine yayar marigayi Orval ce, mijin Darlene, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa barin abu ya wuce ba ta ce wani abu ba.

"Na gani, Yaya."

"To, na ɗauka ko tabarau ɗin naki na ado ne."

Motar nan ita ce gidan Darlene, ba ta da wani. Doguwa ce kamar bas, da kicin da banɗaki, ɗakin kwana a can ƙurya, inji kuma a baya, ƙarƙashin gado. A cikinta suka tsufa ita da Orval: sanyi ya shigo su gangaro Arizona, zafi ya taso su haura Idaho. Bana ne karo na farko da ta kama hanyar arewa babu shi. Ɗansu Curtis ya riga ya gyara mata ɗaki a ƙasan gidansa a Omaha, mai taga ɗaya da ke kallon tayoyin motocin maƙwabta. Ya ce mata, "Mama, duk ranar da aka janyo motar nan daga hanya, magana ta ƙare. Zan zo in ɗauke ki, a sayar da ita." Ita kuwa ta ce ta yarda, don ya sauka daga waya.

"Yaya, kunna hita."

"Me?"

"Hita, mai ɗumama cikin mota. Ki kai ta ƙarshe. Orval ya ce tana rage wa inji zafi."

"A cikin wannan ranar? Ke dai so kike ki tura ni inda ya tafi."

Amma ta kunna. Zafi ya buso musu ƙafafu kamar an buɗe murhun burodi. Nadine ta cire takalma, ta cire safa, daga ƙarshe ta tuɓe gashin kantin da ke kanta ta riƙa fifita da shi. Duk da haka allura ta shiga ja, wata ƙararrawa ta ɗauki kuka. Da ƙyar Darlene ta lallaɓa zuwa wani fili a gefen hanya. Ta bar injin yana aiki a hankali, ya huce.

Akwai wata mota irin tasu a filin, an liƙa mata wasu ƙarafa a gefe kamar kunnuwan jaki. Wani tsoho mai gajeren wando ya taso daga inuwarta, fuskarsa cike da murna. Nadine ta yi maza ta mayar da gashinta, a karkace.

"Sannunku da tafasa, bayin Allah! Sunana Wendell. Ku ne na uku yau."

"Kai ma taka ta tsaya ne?" in ji Darlene.

"Tawa? Allah ya kiyaye. Ni zuwa nake yi in zauna, in ga masu tsayawa. Matata ta ce in nemi abin yi." Ya zagaya bayan motar. "Yaushe rabon da a wanke lagireto?"

"Ni da hannuna na wanke shi kafin mu taso," in ji Nadine. "Dubi yadda yake sheƙi. Kana iya aske gemu a cikinsa, in kana da niyya."

Wendell ya zaro hankici ya rataya shi a yatsa a gaban ragar lagireto da ke bayan motar. Hankicin ya ɗan motsa, kamar an yi masa atishawa daga nesa.

"Uwargida, kin wanke masa fuska, hancinsa na nan a toshe. Ai fanka daga ƙasan mota take jawo iska, ta biyo ta kan inji, ta turo ta waje ta nan. Duk dattin da ta kwaso ta ciki yake mannewa, inda ido ba ya gani. Da lafiya yake, da hankicin nan ya kai jihar Utah." Ya juyo wajen Darlene. "Sai an ɗaga gado."

Darlene ta dubi tagar ɗakin kwana.

Tun safiyar da aka ɗauki Orval zuwa asibiti ba wanda ya taɓa gadon nan. Bargo na nan yadda ya yaye shi. Hularsa na nan. Filonsa har yanzu da lotsawar kansa a tsakiya. Ita a doguwar kujerar gaba take kwana, bayanta na ciwo, ba ta faɗa wa kowa.

"Ba wata hanya?"

"Hanya ai da yawa!" Idon Wendell ya kawo haske. "Ina da zarto a mota. In yanka miki gefe, in sa mata kunnuwa irin nawa, su riƙa kamo iska. In ƙara ƙaramar fanka. In jawo miki tiyo mai feshin ruwa, ki riƙa dannawa daga gaba. Tawa duk na yi mata."

"Yanka," in ji Darlene.

"Ke!" Nadine ta dafe gashinta. "Ki bar wannan mutum mai gwiwa kamar ƙullin kabewa ya sa wa gidanki zarto?"

Wendell ya dubi gwiwoyinsa, ya sosa ƙeya. Da alama gaskiyar da zai faɗa ta fi zagin yi masa ciwo. "Ni kam ina son in yanka. Amma ko kunne goma na sa mata, in ciki a toshe yake, wahalar banza ce. Ba za ki kai saman tudun nan ba sai a bayan motar janwe."

Nadine ta matso, ta sauke murya, abin da ba ta saba ba. "Darlene, ƙanena ba ya cikin filon nan. Ni da ke muka raka shi. Ki zaɓa, ko gado ko tagar Curtis."

Darlene ta kashe inji, ta shiga ciki. Ta daɗe tsaye a ƙofar ɗakin. Sannan ta tura hannu biyu ƙarƙashin filon ta ɗauko shi a hankali, kamar mai ɗauke da faranti cike da miya, ta kai shi kujerar direba ta ajiye, ta ɗora hular a kai.

"Duk wanda ya zauna a kan wannan," ta ce, "a nan za a binne shi."

Da injin ya huce suka ɗaga katifa, suka buɗe murfin. Warin baƙin mai ya cika ɗakin. Darlene ta kwanta rub da ciki ta haska tocila ta tsakanin fukafukan fanka. Cikin lagireton ya yi baƙi ƙirin da maiƙo da ƙura, ba a ganin ramukansa ko ɗaya. Amma cikin baƙin nan wani abu na ƙyalli, nan da can, ruwan zinariya.

"Yaya, miƙo min abin juya nama. Dogon."

Ta zura, ta cafko, ta ɗago. Takardar alewa ce. Ta sake zurawa. Wata takardar. Ta cakulan. Ta alewar madara. Ta mai gyaɗa. Wasu sun haɗe sun zama faifai guda.

Orval yana da ciwon suga. Shekara da shekaru Darlene tana dafa masa ganye babu gishiri, tana auna masa shinkafa da ƙaramin kofi, shi kuwa yana ci yana godiya kamar waliyyi. Kullum bayan abincin rana sai ya miƙe ya ce, "Bari in duba inji," ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, wai kada wari ya dame ta. Har yabonsa take yi a gaban mata, cewa ba namijin da ya kai nata kula da mota.

"Ɗan banza," ta ce a hankali. "Tsohon ɗan banza."

"Ya ɗauka kan titi suke faɗawa," in ji Wendell, yana leƙe ta kan kafaɗarta. "Fanka ta cafe, maiƙo ya liƙe. Amma dole yana wankewa lokaci-lokaci, in ba haka ba da tuni kun ƙone."

"Bara bai iya durƙusawa ba," in ji Darlene.

Nadine ta ɗauki wata takarda ta juya ta. "Kai, wannan ai irin wadda nake aiko masa ce duk Kirsi..." Ta haɗiye sauran.

"Kike me, Yaya?"

"Na ce ta yi kama da wata da na taɓa gani a kanti."

Darlene ta dube ta. Sai dariya ta ƙwace mata, tana kwance a kan inji, maiƙo har gwiwar hannu. Dariyar ta yi nisa, ta koma wani abu daban. A makonsa na ƙarshe a asibiti Orval ya roƙe ta yanki ɗaya na kek, ta hana shi. Tun daga ranar abin nan yake zaune a ƙirjinta kamar dutse, tana ganin ta bar bawan Allah ya tafi da ɗacin ganye a baki. Ashe mutumin nan ya sha zaƙin da ya isa ya toshe mota guda.

Nadine ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta dafa mata baya. Wendell ya tuna yana da wani aiki a waje.

Ita da kanta ta yi wankin. Ta kwaɓa sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi ta fesa ta tsakanin fanka, ta bar shi ya jiƙa, ta bi da tiyo a hankali don kada ta lanƙwasa siraran ƙarafan, tana yi tana zagin marigayi da sunansa da na ubansa. Baƙin ruwa ya riƙa zuba ƙasa, ta sake, ta kuma sakewa, har ta haska tocila Nadine ta ga hasken daga waje. Wendell ya shiga ƙarƙashi ya ƙara tsawon bututun da ke fitar da tururin man inji da guntun tiyo, ya kai shi can baya, don ya daina tofa wa lagireto maiƙo. Ya so ƙwarai a bar shi ya sa ko kunne ɗaya. Aka hana shi.

Darlene ta tayar da inji ta taka totur. Nadine, da ta tsaya a baya don ta ga ko aikin ya yi, ta sunkuya ta leƙa ragar. Iska ta ɗauke gashin kantin, ya tashi sama, ya sauka a kan wata ƙaya a hayin fili.

"Ya yi!" Wendell ya ɗaga hannu. "Wannan ya fi hankici!"

"Je ka ɗauko min, mai gwiwar tsiya!"

Kafin su tashi ya leƙo ta taga ya ce ta sauke giya, ta bar injin ya yi ta ihu, kada ta ji tausayinsa, don ihun ne ke juya fanka. Darlene ta ce ta sani, Orval ma haka yake yi, ita ce dai take ce masa yana cika mata kunne.

Filon na nan a kujerar direba. Ta ɗauke hular ta rataya. Ta tsaya da filon a hannu tana neman inda za ta ajiye shi. Kujerar nan don dogayen ƙafafun Orval aka daidaita ta, tun da suka baro garin Yuma take miƙa ƙafa kafin ta kai birki. Ta saka filon a bayanta, ta jingina da ƙarfi.

"Ya yi wani amfani dai," ta ce.

Suka hau. Injin yana ruri a baya, allura ta ɗaga kaɗan, ta tsaya a tsakiya, ta ƙi gaba. Ƙasa ta sauya launi, itatuwa dogaye suka fara bayyana, iska mai sanyi ta shigo ta taga.

Wayar ta yi ƙara. Nadine ta duba. "Curtis ne. In ce masa me?"

"Ce masa muna saman tudu. Ce masa ya sa injin wanki a ɗakin nan, zai ji daɗin tagar." Ta gyara zama a kan filon. "In mun shiga garin Flagstaff za ki saya min irin alewar nan, Yaya. Tun da kin san kantin."