Dala Dubu Biyun Surukar Lonnie

Lonnie Pruszka ya sauke hannun da ya yi rantsuwa da shi, ya goge gumin a wando. Katunan cin bashi bakwai ne suka kawo shi wannan ɗaki na kotun birnin Toledo. Lauyansa, Mista Hatcher, ya ce in dai ya amsa tambayoyi a taƙaice, kotu za ta yarda ya karye, ta shafe bashin kaf. Taƙaicewar ce aikin, don Lonnie direban motar 'yan makaranta ne, bakinsa bai san hutu ba.

Wakiliyar kotu tana karanta tambayoyi ba ta ko ɗago kai.

"A shekarar nan ka biya wani ɗan uwa ko suruki bashi?"

Lonnie ya gyara zama. Shekara shida surukarsa Bernadette tana yi masa gorin dala dubu biyun da ta ranta masa ya gyara rufin gida. Ko naman talo-talo za ta miƙa masa ranar biki sai ta tuna masa.

"Ƙwarai kuwa," in ji shi. "Surukata. Dubu biyu cif, sati ɗaya kafin in shigar da takardu. Kwale-kwalena na sayar."

Hatcher ya taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Wakiliyar ta ɗago kai karon farko.

"Doka ba ta yarda ka fifita naka a kan sauran masu binka ba. Zan rubuta mata ta dawo da kuɗin, a raba wa masu katunan."

A bakin lif Lonnie ya riƙe hannun rigar lauya. Tsoro ne ya kama shi na gaske. Bernadette ba ta san ya karye ba, kuma in ta sani, duk cocinsu sun sani kafin Lahadi.

"Na tambaye ka a ofis, ka ce babu," in ji Hatcher.

"Cewa ka yi ɗan uwa. Ita kuwa ba 'yar uwar kowa ba ce."

"To, hanya ɗaya ce. Ka kawo dubu biyun da kanka cikin kwana goma, ba za a aika wasiƙar ba."

Lonnie ya zauna a mota ya lissafa mutanen da za su ranta wa karyayye kuɗi. Lissafin bai ɗau lokaci ba. Banki babu, kati babu, ƙaninsa kuwa shi ma neman mai ba shi yake.

La'asar ta same shi a kicin ɗin Bernadette, tana yanka masa kek, abin da ba ta taɓa yi ba kafin watan jiya.

"Mama, wata 'yar matsala ce ta taso. Injin mota."

"Nawa?"

"Dubu biyu."

Ya runtse ido yana jiran ruwan gori. Sai ya ji ta jawo aljihun tebur, ta fito da ambulan ɗin kuɗin da ya biya ta, ko buɗe shi ba ta yi ba.

"Ungo, ɗana. Jiya ma nake gaya wa matan coci, mutanen yanzu sai su ci bashi su ruga kotu a yafe musu. Na ce ban da surukina. Shi ko shekara shida zai yi, sai ya biya."

Lonnie ya sa ambulan a aljihu, ya ce kek ɗin ya yi daɗi.