Kitson Christina a Kan 'Yar Tsana

Zulai ta fi shekara shida a ɗaki na uku na gidan Alhaji Lawal, a Karmo. Gidan haya ne mai ɗaki tara, kowa da murhunsa a bakin ƙofa. A shekarun nan Abuja sai bunƙasa take yi, duk inda ka waiga ana ta da bene, amma tun da aka rushe wasu unguwanni na kusa, wanda ya rasa ɗaki a Karmo sai dai ya nufi Tungan Maje ko gaba da ita. Zulai ta raka mutane da yawa bakin titi da kayansu, ta san yadda abin yake.

Sana'arta ɗinkin 'yar tsana. Takan karɓo ƙyallaye wurin teloli, ta cusa auduga, ta zana ido da baki da zare, ta kai wani shago a Wuse inda ma'aikata da baƙi ke saye don tsaraba. Da farko gashin roba take sa musu, sai mai shagon ta ce ƙyallinsa ya yi yawa. Shi ne ta koma gashin jelar saniya, wanda Yamusa mahauci, mutumin garinsu Zariya, ke tara mata.

Aikin na da wahala. Sai ta wanke gashin da sabulu da ruwan toka har sau uku, ta taje, ta ware dogo da gajere, ta nannaɗe shi a jikin tsinken tsintsiya, ta dafa. In ya bushe a inuwa ta warware, sai ya fito a murɗe kamar na mutum, ta shafa masa man kaɗe ya yi laushi. Daga nan ta ɗinke shi layi-layi a kan 'yar hular ƙyalle, ta kafa a kan 'yar tsana, ta yi mata kitso. A cikin ɗaki take yin duk wannan da rishonta, ƙofa a saye, domin mai shagon ta roƙe ta kada ta riƙa faɗa wa mutane. Ta ce masu saye in suka ji jelar saniya ce za su yi ƙyama.

Wata Asabar ta yi wa Christina kitso, 'yar shekara bakwai, 'yar Perpetual ta ɗaki na biyar. Shuku ta yi mata, da kalaba biyu a gefen kunne. Kitson ya zauna wa yarinyar, har Zulai ta ji sha'awa ta yi irinsa a kan 'yar tsanar da take gamawa. Ranar Litinin zazzaɓi ya kwantar da Christina. Ranar Laraba Perpetual ta leƙo aron ashana, ta ga 'yar tsanar a jingine a taga. Ta juya ta fita ba tare da ashanar ba.

Bayan la'asar Alhaji Lawal ya rufe shagonsa na ƙofar gida, ya sa benci a tsakar gida, ya aika a kira Zulai ta zo da 'yar tsanar. Matan gidan suka fito suka tsaya a bakin ƙofofinsu. Babu ɗaya a cikinsu, Musulma ko Kirista, da ke barin gashin da ya fita a matajinta a ƙasa. Wata ta ƙone, wata ta binne.

"Malama Zulai," in ji Alhaji, "kin san ni ba na shiga tsakanin 'yan haya. Amma maganar gashin mutum daban ce. In ta tabbata, ƙarshen wata ki nemi wani wuri. Ba zan bari ɗaki takwas su tashi saboda ɗaki ɗaya ba."

"Alhaji, da ido na na gani," in ji Perpetual. Mutuniyar Filato ce, Hausarta irin ta Abuja. "Kitson yarinya na ne, har wannan biyu na kunne. Asabar ya yi mata kitso, Litinin jiki ya ɗauki zafi. Mama, ina gashin da ya fita a kan shi?"

"Na zuba a masai, Maman Christina, kamar yadda nake yi da nawa."

"Wa ya gani?"

Babu wanda ya gani. Zulai ta dubi 'yar tsanar da ke hannunta, ta tuna roƙon mai shago, ta ajiye shi gefe.

"Gashin jelar saniya ne," ta ce.

Wata daga can ɗaki na takwas ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Mama, kar ki mai da ni yaro," in ji Perpetual. "Baba na yana da shanu. Ni na bi su daji kafin na tafi makaranta. Jelar saniya kamar tsintsiya yake. Alhaji, taɓa wannan ka ji, plis."

Alhaji bai yarda ya sa hannu ba. Da bakin makullin shagonsa ya taɓa kitson, ya janye.

"Akwai sauran jelar a ɗaki?"

"Wannan ce ta ƙarshe. Amma a kira Yamusa mahauci, shi ke kawo mini."

"Yamusa ɗan garinku ne," in ji ta ɗaki na takwas. "Me kike so ya ce?"

Alhaji ya gyaɗa kai, alamar maganar ta shige shi. Ya fara gyara rigarsa zai tashi. Zulai ta sake duban 'yar tsanar. Kwana uku ta yi a kan gashin nan, kuma jibi ya kamata ta kai ta Wuse.

"Maman Christina," ta ce a hankali, "in kin wanke wa 'yarki kai, gashinta tsawo yake yi ko ƙanƙancewa?"

"Shiga ciki yake yi. Ya zama ɗan wannan." Ta nuna gaɓar yatsa.

"To, kawo ruwan zafi. Daga tukunyarki, a kwanonki, kada a ce na sa wani abu."

Perpetual ta dubi Alhaji, ya ce ta kawo. Akwai ruwan da ta ɗora don gasa wa yarinyar jiki, ta zubo shi yana tururi. Zulai ta miƙa mata 'yar tsanar.

"Ke za ki tsefe da hannunki, ke za ki tsoma. Ni ba zan taɓa ba."

Perpetual ta yi alamar gicciye, ta karɓa da yatsa biyu. Tsifar ta ɗauki lokaci, domin kitson Zulai ba ya saurin saki. Da ta gama ta kifa kan 'yar tsanar a cikin kwanon, ta riƙe ƙafafun. Matan suka matso. Man kaɗen ya fara tasowa saman ruwan. Can sai murɗin ya soma saki kaɗan-kaɗan, gashin yana miƙewa yana tsawo, har ya cika kwanon ya lanƙwashe a gefe. Da ta ɗago, ga shi nan ya zubo santal, ya wuce ƙafar 'yar tsanar, kauri kamar zaren ɗinkin buhu.

Sai kuma warin ya taso tare da tururin.

Alhaji ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci. "Wannan ai kwata aka kawo mini gida."

"Saura mu ji ta yi kuka tana neman ɗan maraƙinta," in ji ta ɗaki na takwas, ita ce ma ta fi kowa dariya yanzu.

Perpetual ba ta yi dariya ba. Ta kai gashin hancinta ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Garken baba na," ta ce. "Haka yake wari in ruwa ya yi."

Ta zauna a ƙasa inda take, 'yar tsanar a cinyarta tana jiƙa mata zane, ta share ido da bayan hannu.

"To zazzaɓi ne kawai. Tun safe ban ba shi magani ba, na ce magani ba zai kama ba tun da hannu ne."

"Ba ki ba ta ba?" in ji Zulai. "Tashi, ba lokacin zama ba ne. Asibiti za a kai ta yanzu, tun ana samun mota."

Alhaji ya miƙe ya ɗauki bencinsa. "Malama Zulai, ɗakinki naki ne, ki yi haƙuri da mu. Amma daga yau a tsakar gida za ki riƙa dafa abin nan, kowa ya gani."

"Da wannan warin, Alhaji?" in ji wata.

"Ku kuka nemi gani."

Matan suka watse suna mita. Perpetual ta miƙa wa Zulai 'yar tsanar da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Mama, sori. Na ɓata miki aiki."

"Ya gyaru. Zan sake naɗe shi in dafa."

"Amma Mama, abeg, kar ki sake yi mata kitson yarinya na. Ko na saniya ne, zuciya na ba ya so."

"Na ji. Zan yi mata zane biyu irin na tsofaffi."

Zulai ta shiga ɗaki ta rataye 'yar tsanar a ƙusa, kai ƙasa, ta tara roba. Ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya don ta gwada naɗin tun gashin na da danshi, sai ta tuna da Christina. Ta ajiye, ta ce aikin ya kwana. Ta ɗauki mayafinta ta nufi ɗaki na biyar, ta karɓi Christina ta goya, jikinta zafi rau, Perpetual kuma ta riga su fita bakin titi tsayar da mota.