Baƙon da Ya Sauka kan Igiyar Shanya

Kafin shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa mijinta magana, kullum da safe ita ke hango tsuntsu ta taga, shi ya faɗi sunansa. Shi ya koya mata bambanta kurciya da hasbiya, yana tsokanarta wai idonta na ado ne kawai.

Yau wani baƙo ya sauka kan igiyar shanya, ɗan mitsitsi, ƙirjinsa ja kamar garwashi. Malam ya zaro ido daga kan gado, leɓɓansa suka fara rawa. Wata uku ke nan bai ko yi yunƙurin magana ba.

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa mai lafiyar. "Ka san shi ko, Malam? Daure ka faɗa mini. Tsada ce? Gwara? Kanari?"

Ya girgiza kai. Sunan na nan a bakinsa, amma ba ta da yadda za ta ciro shi.

Sai ga maƙwabciya da bokitin wanki, tsuntsun ya tashi. Malam ya rufe baki, ya juya fuskarsa bango.

Matar tasa ta watsa tsaba a bakin taga, ta zauna tana kallon igiyar har kayan maƙwabciya suka bushe.