Kalmar da Aka Ba Pa Santigie

Pa Santigie Kargbo yana da jiragen kamun kifi shida a Freetown, amma bai taɓa zama a aji ba. Da 'yarsa Yeabu, malamar jinya, za ta auri ɗan Mista Thorpe, aka ce uban amarya ma zai yi jawabi da Turanci a wajen walima.

Mista Thorpe ya shekara talatin yana koyar da Girkanci, ni ma na sha bulalarsa. Bai so auren ba, amma bai taɓa faɗa ba.

Ana saura kwana uku, Pa Santigie ya kai masa ƙaton kifi har gida.

"Ticha, kalma ɗaya nake so, mai nauyi, irin taku ta masu kwat. Wadda za ta nuna mu ma 'yan asali ne, kada yarinyar nan ta ji kunya saboda ni."

Mista Thorpe ya daɗe yana kallon kifin.

"Ka ce musu ku hoi polloi ne, Pa. Tun kaka da kakanni."

Pa Santigie ya yi ta bitar kalmar a bakin teku, har masunta suka haddace.

Ranar walima, bayan an ci dafa-duka, ya miƙe cikin sabuwar riga. Ya yi godiya, ya daki ƙirji, ya faɗi kalmar ba gargada.  Can a teburin lauyoyi da limaman coci wani ya ƙware da lemo, dariya ta ɓarke. Pa Santigie ya ɗauka yabo ne, ya sake faɗa da ƙarfi.

Sai Mista Thorpe ya tashi yana goge tabarau.

"Surukina bai yi ƙarya ba. Da Girkanci ma'anar kalmar ita ce masu yawa, wato tarkacen gari, waɗanda ba a tambayar sunansu. Girkawa suna da wata kalmar, demos, talakawa. Daga nan Turawa suka samo democracy, mulkinsu, da demagogue, mai jan su da baki, da kuma epidemic, annobar da ke yawo a cikinsu. Yau dai ta shigo gidana, sai haƙuri."

Aka tafa masa. Ni ma na tafa, don idonsa yana kaina.

Pa Santigie bai gane duka ba, amma ya gane fuskar 'yarsa. Ya zauna, ya tuɓe hularsa ya ɗora a gwiwa.

Kafin mako ya zagayo, yaran bakin teku sun raɗa masa suna Pa Polloi. Bai kula su ba, Yeabu yake jira ta zo. Da ta yi wata biyu shiru, ya ɗauki kwandon jatan lande ya tafi gidan Thorpe. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, wa ya ce ka yi maganar da ba ka sani ba? Har a asibiti ana yi mini dariya."

"Ai surukinki na je na tambaya, 'yata."

"To da ka yi shiru. Muna da baƙi yanzu. Idan kifi ne, ka riƙa aikowa ta ƙofar kicin."

Ya ajiye kwandon a ƙasa, ya juya. Bayan shekara ta haifi namiji, aka sa masa sunan Mista Thorpe. A bakin wani direban tasi Pa Santigie ya ji labarin.