Kalanguna da Ɗan Rawar Japan

Tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, babu sana'ar da na riƙe ta wuce wata uku sai kalangu. Na yi faci a Gwaram, na yi acaɓa da mashin ɗin wani, na sayar da rake. Kalangu kuwa shekara shida ina kaɗa shi a filin dambe, duk kaka, daga Fagam har Dingaya. Kuma na gaji da ƙauyen nan, gajiyar da ba ta barin mutum ya zauna wuri ɗaya.

Shi ya sa da na ji wani Malam Abdulnasir daga Kano yana neman makaɗi ɗaya da zai tafi da shi Abuja da Legas, na hau mota zuwa Birnin Kudu inda ya sauka, ko karyawa ban yi ba. Mu biyu muka je: ni da Hambali ɗan Kangire, makaɗin biki, wanda hannunsa ba ya da wani kuzari.

Malam Abdulnasir yana busa wani lanƙwasasshen kakakin ƙarfe, saksofon. Kiɗan nasa jaz ne, in ji shi.

"Babu take, babu waƙar da aka shirya," ya ce mana. "Ku saurare ni, ku kalli mai rawa, ku amsa. Wanda ya fi iya amsawa yau, shi zai shiga mota gobe."

Mai rawar wani ramammen dattijo ne daga Japan, sunansa Noboru. Ya aske kai ƙwal, ya shafe jikinsa da farin alli, ya ɗaura ɗan zane a ƙugu.

Bayan la'asar aka fara, a gindin dutse. Jama'a ta yi da'ira, har da mahautan da suka san ni a filin dambe. Noboru ya shigo yana tafiya kamar wanda ke ratsa kogi da tulu a ka. Taku ɗaya sai ya ɗauki lokacin da za ka sha kofin koko.

"Musaddiq!" Saifullahi mahauci ya ƙwala mini kira. "Wannan ɗan damben naku, an ba shi abinci kuwa?"

Hambali ya fara. Ya yi ta tif-tif a hankali kamar mai tsoron tada jariri, bai ɓata ba, bai kuma gyara komai ba. Sannan aka miƙo mini fili.

Wallahi abin ya yi kyau. Saksofon ya yi kuka, na matse kalangu a hammata na mayar masa da kukan. Noboru ya karkata wuya, na bi wuyan. Yatsunsa suka yi rawa, na sa musu murya. Masu dariya suka yi tsit. Na ga Malam Abdulnasir ya dube ni ta gefen ido, na ce a raina na riga na shiga motar nan.

Sai Noboru ya dunƙule hannun dama, ya ɗaga shi sama, jikinsa na karkarwa. Gwiwarsa ta lanƙwashe. Tafinsa ya taɓa ƙasa.

A dambe, da zarar hannun mutum ya taɓa ƙasa an gama, makaɗi ya saki kiɗan nasara da dukan ƙarfinsa. Ban yi shawara ba. Kafin in ankara na sake shi, mai zafi, irin wanda duk yaron Gwaram ya sani. Fili ya fashe da ihu. Mahauta suka ruga ciki. Saifullahi ya duba bai ga abokin karawa ba sai mai saksofon a tsaye, ya sunkuce shi ya ɗora a kafaɗa. Wani kuma ya kwara wa Noboru ruwan buta a ka, yadda ake yi wa wanda ya sha kaye. Allin ya dinga zuba a idonsa.

Ashe faɗuwar ce farkon rawar. Rabin wasan a ƙasa ake yin sa. Babu wanda ya gaya mini.

Da aka watse na same su a bayan mota. Malam Abdulnasir yana goge saksofon, bai ɗago ba.

"Malam, ai ka ji yadda muka yi kafin nan."

"Na ji. Amma a Abuja baƙi za su zauna a kujera, ɗan samari. Ba zan iya zuwa da hannun da ban san abin da zai yi ba."

"Kai ka ce in amsa."

Ya juya wajen Hambali da ke tsaye a gefe. "Hambali, ɗauko jakarka da safe."

Noboru ya taso da tawul a wuya. Ya kama hannuna na dama, ya juya shi, ya shafa kantar da ke tafin. Ya yi magana da Turanci mai tsawo, yana nuna ƙasa, yana nuna ƙirjinsa, har ya yi 'yar dariya. Na tsinci kalma biyu ko uku, ba su haɗa mini komai ba.

"Malam, me ya ce?"

Malam Abdulnasir ya rufe akwatin saksofon. "Ya ce ya gode."

"Duk wannan maganar?"

"Haka suke, suna da tsawaita godiya."

Washegari Hambali ya zauna a kujerar taga a motar Malam Abdulnasir. Ni kuma na samu bayan akori-kura zuwa Fagam, tsakanin buhunan taki. Direban ya leƙo ya ce, "Kai ne na jiya ko? Don Allah ɗan kaɗa mana wancan."